Kason Goggo Hansatu

Auwalu, Binta, da kai Mustafa, na san abin da kuka ji a bakin mutane game da shekarar da na bar ajin yaƙi da jahilci ana dab da yin jarrabawa. Wasu sun ce karatun ne ya fi ƙarfin kaina. Wasu sun ce kunya ce ta kama ni, ga furfura a gemu ina zaune a bencin yara ina haɗa baƙi. Mahaifiyarku ma ta daɗe tana jin ciwon abin, kuma tana da gaskiyarta. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin daga tushe ba, don kun san ni ba mai yawan magana ba ne. Yanzu da hannuna ya saba da biro, bari in rubuta muku yadda aka yi.

Dole in fara da kakana, Malam Yusha'u, wanda na ci sunansa. Ban riske shi ba. Marubuci ne a tsohon garinmu, wanda yanzu yake ƙarƙashin ruwan Tiga. Yana kwafar littattafai da hannu, ya kuma gāji wasu daga nasa kakannin. Da aka tashe su aka kawo su nan wajen Bebeji, bai daɗe ba ya rasu. Ya bar 'ya'ya uku: mahaifina, da Baffa Idi, da Goggo Hansatu. Gona ruwa ya ci, gida ruwa ya ci, ba abin da ya rage na gado sai littattafai. Littafin wancan zamani kuwa ba ɗinke yake ba kamar na yanzu. Warƙoƙi ne sake-sake, takarda a kan takarda, babu lamba, ana ɗaure kowane littafi a cikin gafakarsa ta fata. A wajen ƙaura igiyoyi suka tsinke, gafakoki suka zube a cikin mota, mata suka tattara takardun suka cusa a buhu guda yadda hannu ya kai.

Dattijon da ya raba gadon mutumin kirki ne, kuma ya san ƙa'ida: namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Ya zazzage buhun, ya jera takardun tsibi guda, ya auna tsayin tsibin da karan dawa, ya karya karan gida biyar. Mahaifina ya ɗauki biyu na sama, Baffa Idi biyu na tsakiya, Goggo ɗaya na ƙasa. Aka shafa fatiha, kowa ya ce an yi adalci. A cikin jimamin rashi da na ƙaura, ba wanda ya tsaya ya tuna cewa littafi ba hatsi ba ne. Daga nan Baffa ya koma Kiru da noman albasa, aka kai Goggo gidan mijinta can Doguwa, gindin duwatsu.

Ni karatun allona bai yi nisa ba. Ciwo ya kwantar da mahaifina da wuri, na shiga kamun kifi da kwalekwale da koma, rani kuma in yi tumatir a bakin kanal ɗin ban ruwa. Da ya rasu, kasonsa ya zauna a hannuna cikin adakar ƙarfe, a kan duwatsu saboda gara. Duk shekara in ruwa ya ɗauke nakan fito da takardun in shanya su a inuwa, yadda na ga yana yi, in mayar. Ban san abin da ke cikinsu ba. Ina girmama su ne kamar yadda ake girmama tsohon da ba a jin yarensa.

Abin da ya kai ni aji kuwa ba son ilimi ba ne, kada in yi muku ƙarya. Ofishin ruwa ne ya ce zai ɗauki masu kula da ƙofofin kanal, da albashi duk wata, amma sai mai takardar shaidar ya iya karatu da rubutu. Ni na san kanal ɗin nan kamar tafin hannuna. Takarda kawai ta rage. Muna zama bayan la'asar a firamaren gari, Malam Garba yana koya mana, kuma ba yabon kai ba, ina cikin na gaba.

Wata rana Malam Garba ya shigo da baƙuwa, wata mace mai tabarau daga wata jami'a a Kano, ana ce mata Dakta Rabi. Ta gaishe mu da ladabi, ta ce aikinta neman tsofaffin littattafan hannu, ko akwai mai su a gida. Sai Alhaji Tanko, wanda ya fi kowa shekaru a cikinmu, ya gyara murya.

"'Yata, zamanin mahaifina an taɓa zuwa da irin maganar nan. Aka ce aro. Har yau ana kan aron."

Muka yi dariya, ita ma ta yi.

"Baba, gaskiya ka faɗa, ba zan musa ba. Tun zamanin Turawa ake bin gidajen malamai ana tara littattafai, bayansu namu ma suka ci gaba. Wasu da ba a ɗauke su ba da tuni gara ko gobara ta cinye su. Wasu kuma sun tafi ba su dawo ba, suna can a ɗakunan ajiya na nesa, ba a ma san hannun wa ya rubuta su ba. Shi ya sa mutane suke ɓoyewa, kuma ban ga laifinsu ba. Mu yanzu hoto muke ɗauka, a ɗakin mai abu, yana zaune yana kallo. Warƙa ɗaya ba ta fita ƙofa."

Ba wanda ya amsa mata a ajin. Ni ma sai da ta kai bakin mota na bi ta na ce ina da adaka.

Ranar da ta zo gidan nan, ta wanke hannu ta goge kafin ta taɓa komai. Ta ɗaga wata warƙa ta saita ta da rana ta ce in duba. Sai ga jinjirin wata guda uku a jere a cikin jikin takardar, ba da tawada ba, kamar inuwa. Ta ce alamar masu yin takardar ce, daga ƙetaren teku ta fito, raƙuma suka ratsa hamada da ita, kuma da irin wannan alama masu bincike suke kintatar shekarun littafi. Shekara nawa ina shanya takardun nan, ban taɓa ɗaga ɗaya sama ba. Ta kuma nuna mini yadda marubutan wancan zamani suke sa kalma ɗaya a gindin kowace warƙa, wadda ita ce farkon warƙa ta gaba, don in littafi ya watse a iya harhaɗa shi. Da wannan ta yi ta bi, tana ware tsibi-tsibi a kan tabarma. Yawanci littattafan fiƙihu ne da na nahawu waɗanda ake da irinsu a wasu wurare, kuma ba ko ɗaya da ya cika. Can sai ta tsaya a kan wasu warƙoƙi na takarda mai araha, ta yi shiru tana motsa baki.

"Malam Yusha'u, wannan ba kwafa ba ce. Hausa ce da ajami, kuma kakanka ne ya tsara ta da kansa."

Waƙa ce da ya yi a shekarar da labari ya tabbata cewa ruwa zai ci garin. Ya fara daga ƙofar gabas yana bin gari unguwa-unguwa, yana ambaton rijiyoyi da itatuwa da gidaje da masu gidajen, da inda aka binne wane da wane. Dakta ta fara karantawa a bayyane. Mahaifiyarku tana daka, na ji taɓarya ta tsaya. Ana cikin unguwar marina sai karatun ya yanke a tsakiyar baiti. Warƙa ta gaba ba ta cikin adakata. Dakta ta ce iyakar saninta babu wani kwafi a duniya, in saura ya salwanta, shi ke nan.

Kiru ba ta ba mu wahala ba. Baffa Idi ya riga ya rasu, kason yana hannun ɗansa Lawan, ɗan kasuwar albasa, mai ban dariya. Ya jawo buhu daga saman rumbu yana kaɗe ƙura.

"Yaya, ɗauki duka. Gara ta fi ni karanta su, ta ma kusa sauka."

Gara ta ci gefe, amma ta bar tsakiya. Muka sami marina, muka sami kasuwa da masallacin Juma'a. Waƙar ta sake yankewa daidai inda ta juya yamma, wajen unguwarmu. Sauran yana Doguwa.

Muka tafi mu uku, ni da Dakta da Lawan, a hanyar da rabinta sai achaɓa. Goggo Hansatu ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi sai dai haske da duhu, amma kunne da harshe suna nan garau. Ba ta taɓa kiran sunana ba, tunda na ubanta ne. Ta shafa fuskata da hannu.

"Babana, ka tuna da ni? Ko wani ne ya mutu?"

Bayan an gaisa an sha fura, na faɗi abin da ya kawo mu. Dakta ta yi bayani mai kyau, ta ce hoto ne kawai. Goggo ta saurara har ƙarshe, ta ce a ƙara wa baƙuwa nono. Sannan ta ce a'a. Takardun suna cikin tukunya a ƙarƙashin gadonta, kuma ba ajiye kawai suke ba. Duk jaririn da aka haifa a zuriyarta, ranar suna takan sa hannu ta zaro warƙa ɗaya daga ƙasa, a kai wa baduku ya naɗe ya ɗinke a fata, a rataya wa yaron, don ya tashi da albarkar hannun Malam. Ta ce haka take yi tun haihuwarta ta fari. Na ga Dakta ta runtse ido.

"Goggo," na ce, "waƙar garinmu ce a ciki. Har da unguwarku."

"To, wa ya karanta? Maza aka ba kashi bibbiyu. Ubanka ya rufe a adaka, Idi ya ba gara. Ni da aka ba ɗaya, ni kaɗai ce nake cin moriyar abin ubana. Yanzu kun kwaso baƙuwa ta karanta muku. Yi haƙuri 'yata, ba da ke nake ba. Malam bai rubuta don baƙo ba. Ranar da jininsa ya zauna nan ya karanta mini da bakinsa, in ji, ranar zan jawo tukunya. Kafin nan, kowa ya haihu ya zo ya karɓa."

A hanyar dawowa Lawan ya kawo shawara. Ya ce tsohuwa ba ta gani, a sami jikarta ta musanya takardun da wasu, a ɗauki hoto a mayar, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Dakta ta ce ita ba za ta ɗauki hoton abin da aka sato ba. Ni kuma na ce matar da ta shafa fuskata ta ce mini Babana, ba zan yi mata haka ba. Lawan ya ce to sai mu jira ta haifi garin duka ɗaya bayan ɗaya.

Maganarsa wasa ce amma gaskiya ce. Akwai masu ciki a gidan, Goggo kuma tana tari. In ta rasu, za a sake raba abin da ya saura tsakanin 'ya'yanta. Bokon da nake koya ba zai karanta waƙar ba, ɗan karatun allona kuma bai kai ga rubutun hannu irin na da ba, wanda wasulansa ma ba kullum ake sa su ba. Mutum ɗaya aka nuna mini da ya saba da irin hannun Malam, wani tsohon na'ibi a Kiru, Malam Sule. Da safe yana gona, bayan magariba idonsa ba ya gani. Lokacinsa ɗaya ne, bayan la'asar, daidai lokacin ajin Malam Garba. Jarrabawa kuwa sai wanda ya cika zuwa aji.

Na gaya wa mahaifiyarku zan bar aji, da hantsi, tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago kai ba.

"Baban Auwalu, albashi fa. Duk wata."

"Na sani."

"Garin nan da kake bi, ruwa ya cinye shi tun ba a haife ka ba. Yaran nan kuwa ga su a gabanka, suna cin tuwo."

"Jarrabawa ana sake ta, Ladidi. Goggo ba a sake ta."

"Aikin fa, ana sake shi?"

Na san ba a sakewa. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Malam Garba ya zo har gida sau da yawa yana lallashi, ya ce in bari a gama jarrabawa tukuna. Na ba shi haƙuri.

Haka na yi damina guda ina hawa achaɓa zuwa Kiru, wata rana cikin ruwa, da hoton warƙoƙin da Dakta ta buga mini a cikin leda. Malam Sule ba shi da sauƙi. In na yi kuskure sai ya ce, "Mai sunan Malam, wannan ba kifi ba ne da za ka fizgo, bi shi a hankali." Kaina ba na yaro ba ne, abin da na riƙe yau gobe ya zube. Amma kamun kifi ya koya mini zama. A hankali na fara gane yadda kakana yake karkata alƙalami, inda yake matse rubutu in takarda ta kusa ƙarewa, inda tawada ta yi masa yawa. Ana tsakiyar haka aka yi jarrabawa, aka ɗauki ma'aikata, ƙofar kanal ɗin da ke bayan gonata aka ba wani. Kullum da safe ina ganinsa yana buɗe ta. Mahaifiyarku ba ta ce mini komai ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Shekarar ce, Binta, aka cire ki daga makarantar kuɗi aka mayar ta gwamnati. Kin yi kuka, kuma ba ki san dalili ba. Ga dalilin.

Kafin kaka aka aiko cewa an haihu a Doguwa. Na sayi goro na je suna. Ina zaune a tsakar gida na ji ƙarar tukunya a ɗaki, na ga an fito da warƙa an miƙa wa baduku. Ban iya karatun ba tukuna, kuma sharaɗi sharaɗi ne.

Sai da aka gama yankan dawa Malam Sule ya ce in je, in na ƙara jira ba karatu zan ƙara ba, tsoro zan ƙara. Na tarar da Goggo a kwance, ta rame. Aka tashe ta aka jingina ta da bango. Na zauna a ƙasa na buɗe ledata, na fara daga ƙofar gabas. Ina tuntuɓe ina tashi. Tana saurare har na zo rijiyar da ke bakin marina, na karanta sunanta ba daidai ba.

"Kai, Babana! Ba haka ake ce mata ba."

Ta faɗi sunan yadda yake, ta ce ruwanta zartsi ne, ba a sha sai wanki, kuma a nan ta taɓa fasa tulun uwarta. Daga nan muka tafi tare. In na ambaci gida, ta ce mai gidan gurgu ne, ko matarsa ta fi kowa iya ƙuli. In na ambaci tsamiya, ta ce ba a hawanta ranar Juma'a. Matan gida suka taru a bakin ƙofa. Muka ratsa kasuwa, muka wuce masallaci, muka juya yamma, sai takarda ta ƙare a hannuna.

"Ci gaba mana. Saura kaɗan mu isa gida."

"Goggo, hanyar tana ƙarƙashin gadonki."

Sannan ta ce wa surukarta ta jawo tukunyar.

Na kwana biyu a gidan ina harhaɗawa, ina bin kalmar gindin warƙa. Muka shiga unguwarmu. Na karanta mata zauren ubanta, da kukar da ke ƙofar gida, da kabarin uwarta a bayan danga. Ta sa na maimaita wurin nan har muryata ta dushe. Bayan wannan akwai giɓi, sai baiti kaɗan, sai wani giɓin. Ƙarshen waƙar gaba ɗaya babu shi. Daga ƙasa Goggo take zaro na jarirai.

Ta yarda Dakta ta zo. Aka kawo kasona da na Lawan, aka jera waƙar a kan tabarmar Goggo, karo na farko tun ranar ƙaura, aka ɗauki hoto tana zaune tana sauraren ƙarar na'ura. A gaban 'ya'yanta da limamin unguwa ta ce abin da ya rage a tukunya ta ba ni kyauta, kada a sa shi cikin gado. Lawan ya raɗa mini cewa tunda ta sauko, in roƙa a tara layun a farke. Na dubi jaririn da na je sunansa yana bayan uwarsa, da 'yar fatarsa a wuya. Ban roƙa ba. Har yau ban san yadda kakana ya rufe waƙarsa ba.

Da Dakta ta gama, ta ce a ƙa'idar aikinsu dole ta rubuta bayanin halin da littafi yake ciki. Ta karanta mana abin da ta sa, cewa warƙoƙin ƙarshe sun ɓata. Goggo ta ɗaga kai.

"Wa ya ce miki sun ɓata? Goge. Ɗauki alƙalaminki in gaya miki inda suke."

Ta fara da ɗanta na fari, wanda yake direba a Tudun Wada, ta bi 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, kowa da sunansa da garin da yake, har da waɗanda suka rasu suna ƙanana aka ajiye nasu layun a ɗakin uwayensu. Dakta tana rubutawa, takarda ta cika ta juya baya. Goggo ba ta tsallake ko ɗaya ba.